Maganin Gwiwar Inna a Kan Ma'auni

Shekarar da fuskar Inna ta cika ta zagaye, babu wanda bai yi mana barka ba a unguwarmu ta Azare. Mata su shigo su ce, "Hajiya kin murje, lallai hutu ya karɓe ki." Ƙanwarta ta zo daga Gamawa ta kama kumatunta tana dariya, wai ko wani auren za a sake ne ba a gaya musu ba. Ni kuwa ranar da na sauka daga mota na tarar da ita a tsakar gida, gabana ne ya faɗi. Ƙeyarta ta yi tozo, cikinta ya fito, amma hannuwa da ƙafafu sun sirance, fatar duk tabo, abu kaɗan ya taɓa ta sai wurin ya yi baƙi. Mutanenmu in dai sun ga ƙiba sun ga lafiya, ko da kumburi ne. Kallon kitse suke yi wa rogo, kuma ba sa son a gaya musu.

Inna ta daɗe tana fama da gwiwa. Ba tafiya ce ta fi ci mata rai ba, don tun rasuwar Baba ba ta cika fita ba. Sujada ce. Macen da ta tashi tana kai goshi ƙasa sau biyar a yini, ta wayi gari in ta sunkuya sai an ɗago ta. Na taɓa sayo mata farar kujerar roba na ce ta riƙa salla a kai, malamai sun ce ya halatta ga mara lafiya. Ta kalli kujerar ta kalle ni ta ce wannan ai ta 'yan biki ce, ita ba za ta gana da Ubangijinta a hakimce kamar uwar amarya ba. Aka kai kujerar bayan ɗaki, aka ɗora mata kwanon wanki.

Ana haka sai ga magani daga wurin surukinmu, mahaifin matar yayana. Alhaji ne mai haɗa magungunan gargajiya a wani ƙauye gefen Bulkachuwa, yana bin kasuwanni da wata tsohuwar mota mai lasifika a kai. Ruwa ne ja-ja a gorar roba, yana ƙamshin citta da kanumfari, rabin kofin shayi safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki Inna ta kai goshi ƙasa da kanta, ta kuma miƙe da kanta. An ce ranar har kuka ta yi a kan buzunta. Daga nan duk wanda ya kushe maganin Alhaji ya zama maƙiyin sallar Inna, kuma ta shekara da wani abu tana sha ba fashi.

Abin da ya kawo ni gida a wannan karon shi ne waya da yayana ya yi min, ya ce Inna ta fara tuntuɓe da kaya ta ɓangaren hagu, in za ta zuba ruwa a kofi sai ta zuba a gefe. Ya faɗa yana dariya-dariya, wai tsufa ne. Na kai ta wurin likitan ido. Ya duba ya ce hawan jinin ido ne, idon hagu ya kusa gama tafiya kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, na dama ma ya kama hanya. Sukarinta ya hau, jininta ya hau. Ya dubi fuskarta da ƙeyarta ya tambaye ta ko tana shan wata ƙwaya.

Ta ce, "Ni ba na shan ƙwaya, ɗana. Sai ɗan na gargajiya."

Likitan ya ɗago ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Duk mun san abin da muke zargi, amma zargi ba ya raba tsohuwa da gorar da ta mayar mata da sujada. Ya ce min a gefe, in dai akwai abin da yake tsammani a cikin ruwan nan kuma ta ci gaba da sha, idon dama ba zai daɗe ba.

To ni aikina ke nan. A ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a nake, sashen kimiyyar harhaɗa sinadarai, kuma muna da na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Sunanta na Turanci dogo ne, mu "mas" kawai muke ce mata. A gida ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi da ita. Abin da suka sani shi ne ina sa farar riga amma ba na yin allura, saboda haka karatun nawa bai kai ba. Na ce zan ɗebi maganin in je in auna. Yayana ya yi tsalle ya dire. Wai ba a yi wa suruki haka, a bi bayansa a binciki sana'arsa kamar ɓarawo, in dai za a yi to a je a nemi izininsa. Wato idon uwarsa na iya jira, fuskar surukinsa ce ba za ta iya jira ba. Na ce to mu je. Kafin mu fita na faki ido na tsiyayi na gorar Inna a wata 'yar kwalba, na jefa a jaka.

Mun sami Alhaji a zaurensa a kan kilishi, jarkoki jere a bayansa, ɗaurin saiwoyi a rataye. Mutum ne mai fara'a, wannan ba zan hana shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo fura, aka tambayi mutan gida har da kajinsu. Sai da yayana ya gama kewaye-kewayensa sannan na samu bakin magana.

Na ce, "Baba Alhaji, izini nake nema ku ba ni maganin nan da Inna ke sha in kai wurin aikinmu a auna."

Ya ce, "A auna kamar yaya, 'yata? Da mudu ko da sikeli?"

Na ce, "Sikeli ne, amma na abin da ido ba ya gani. Duk abin da ke cikin ruwan nan, citta ce, kanumfari ne, saiwa ce, ƙananan ƙwayoyi ne suka taru suka yi shi, kuma kowane iri da nauyinsa. Na'urar sai ta tara su a bakin wani dogon bututu, ta hankaɗa su da ƙarfi ɗaya. Marasa nauyi su riga isa ɗaya bakin, masu nauyi su biyo baya. Daga lokacin da kowanne ya ɗauka a hanya ake sanin nauyinsa, daga nauyinsa kuma a fara gane ko wane ne."

Ya gyara zama. "Wato masu nauyin su ne ke zuwa a ƙarshe."

Na ce su ne.

Ya ce, "Haka ne kuwa. Ko a ɗaurin aure ai manya ba sa riga yara isowa."

Yayana ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Alhaji ya tambaye ni su wa za su ga sakamakon, na ce abokan aikina. Ya ce manyan malamai ne? Na ce akwai manya a ciki. Na miƙa hannu wajen jarkar da ke kusa, ya ce a'a, wannan na kasuwa ne, abin da za a kai gaban malamai ba a ɗebo shi daga jarka. In koma gida, zai haɗa min na musamman ya aiko. Na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Na riga na yanke cewa tsantsar citta da saiwa zai dafo min, ya ɓoye abin da yake ɓoyewa. Washegari saƙo ya iso, kwalba sabuwa fil a naɗe cikin leda, da ƙwan zabi a ƙwarya wai in kai wa malaman.

Na koma wurin aiki da kwalabe biyu. Na fara da na Inna. Digo kaɗan ake ɗiba, a tsinka shi da ruwan gwaji, a tace. Daga nan ya bi ta wani siririn bututu da aka cusa wa gari mai laushi, wanda ke riƙe wasu ya saki wasu, don kada su taho a cunkushe. A ƙarshen bututun akwai allura mai wutar lantarki, ita ke fesa ruwan ya zama raɓa. Raɓar ta bushe, ƙwayoyin su rage tsirara, kowacce ɗauke da ɗan cajin lantarki. Cajin nan shi ne igiyar da ake jan su da ita, don na'urar ba ta iya tura abin da ba shi da caji. Sai su shiga dogon bututun da na ba Alhaji labari, wanda famfo ke zuƙe iskar cikinsa dare da rana don kada su yi karo da komai a hanya. Wuta ta buge su bugu ɗaya, su tashi. A can ƙarshe akwai faranti mai jin saukar kowacce, yana rubuta lokacin isowarta. Duk tseren ba ya kai ƙiftawar ido.

Abin da ke fitowa a allon kwamfuta layuka ne a tsaye kamar karan dawa, kowanne a kan lambar nauyinsa, tsawonsa kuma na nuna yawansa. Na ga na citta, na ga tarkacen itatuwan da ban san sunansu ba. Sai ga wani layi a tsaye a kan ɗari uku da casa'in da uku, inda na yi fatan kada in ga komai. Amma nauyi kaɗai ba hujja ba ne, abubuwa biyu suna iya zuwa da nauyi ɗaya. Don haka na sa na'urar ta ware wannan ƙwayar ita kaɗai, ta gwara ta da iskar gas har ta farfashe, ta auna gutsattsarin. Kowane sinadari da wuraren da yake karyewa, ba ya sauyawa. Na ɗauko sahihin maganin da nake zargi na yi masa yadda na yi wa wancan. Lokacin fitowarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, gutsattsarinsu ɗaya. Deksa ce, ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, wadda wasu masu kiwo ke ɗura wa raguna gab da layya don su kumbura. Tana kashe raɗaɗin gaɓɓai kamar an ɗauke da hannu, in aka daɗe ana sha kuma ta ci ido, ta ci ƙashi, ta tayar da sukari. Na zauna ina kallon layin nan, raina ya ɓaci ƙwarai, don abin da ake ba rago shi ake ba uwata safe da yamma da bismilla.

Sai na juya kan kwalba ta musamman. Da yake na tabbata ruwan citta ne zalla, ban tsinka shi fiye da na farko ba. Na tura. Layin ɗari uku da casa'in da uku ya tashi ya bugi rufin allo ya baje, sauran layukan duk suka zama kamar ciyawa a gindinsa. Farantin ya ƙoshi har ya kasa ƙirgawa. Na tura ruwa zalla don in wanke hanya, ya fito da deksa. Na sake turawa, ya sake fitowa da ita. Kwana da kwanaki muna wanke allura da bututu, aikin kowa ya tsaya, mai kula da na'urar ya daina amsa gaisuwata. Da na tsinka shi yadda ya kamata na sake aunawa, abin da ke cikin kwalbar nan ya ninka na gorar Inna ninkin ba ninki. Na raba wa malaman ƙwan zabinsu, ban gaya musu daga inda ya fito ba.

Da na dawo Azare na gaya wa yayana, sai ya zama masanin itatuwa nan take. Wai wa ya sani ko saiwar ce da kanta take fitar da sinadarin, ai Turawan ma daga itace suke samo nasu. Na ce wannan a masana'anta ake ƙera shi, babu bishiyar da ke haifar sa, kuma wace irin saiwa ce ke ƙara ƙarfi in ta ji za a kai ta jami'a? Ya ce to ko yaran Alhaji ne suka yi kuskure. Na ce mu je mu tambaye shi.

Na yi shirin musu, na yi shirin rantsuwa. Ko ɗaya ban samu ba. Alhaji ya saurare ni har na gama, fuskarsa sai haske take ƙarawa.

Ya ce, "Wato ya fito."

Na ce, "Ya fito, Baba Alhaji. Har ya toshe mana na'ura."

Ya dubi yayana ya ce, "Ka ji ko? Injin gwamnati guda." Sannan ya juyo gare ni. "Ai mahaɗi ne, 'yata. Kowane magani da mahaɗinsa. Da can kanwa ake sawa, yanzu zamani ya zo da nasa. Da kika ce masu nauyi ake nema, kuma gaban manya za ki kai, sai na ce ba zan bari ki ji kunya ba. Na kasuwa katin ƙwaya ɗaya nake daka wa jarka. Naki kuwa ban yi rowa ba."

Ni aka yi wa karamcin ashe. Na ce masa mahaɗin nan shi ya ci idon Inna na hagu, yana kan cin na dama. Ya yi salati, ya ce ido ai na Allah ne, shi gwiwa aka kawo masa kuma gwiwa ta warke, ko ba ta warke ba? Na tambaye shi ko shi yana sha, tunda na ga yana dafa bango in zai tashi. Ya ce shi nasa ciwon na asibiti ne, yana da likitansa a Azare. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A mota yayana ya roƙe ni in rufa asiri, kakan 'ya'yansa ne. Ban rufa ba, na kai maganar gaban hukuma. Aka zo aka kwashi jarkoki, dattawa suka sa baki, aka ce ya yi alkawari. Ba a yi nisa ba wata 'yar'uwarmu ta dawo daga kasuwar Sakwa ta ce ta ji lasifikarsa tana shela, ga maganin sanyin ƙashi wanda aka auna a jami'a, wanda ya fi ƙarfin injin Bature. Ta ce mutane har layi suke yi. Ni da na je tona asiri, ashe talla na yi masa kyauta.

Ita deksa ba a yanke ta rana ɗaya, jiki ya riga ya saba, in aka yanke mutum na iya faɗuwa. Likita ya ɗora Inna a kan ƙwaya 'yar'uwarta mai sanannen awo, yana ragewa a hankali, ga maganin ɗigawa a ido. Yayana da ya ji haka ya ce to ai ga shi nan, abin da Alhaji ke bayarwa shi likita ya bayar, bambancin kawai farar riga. Ban tanka masa ba, don in na tanka za a ce na zagi babba. Fuskar Inna ta fara saɓewa, matan unguwa suka koma yi mata sannu suna hararata ta gefen ido, 'yar boko ta raba tsohuwa da maganinta. Gwiwar kuma ta dawo da ƙarfinta, har ta fi da.

A cikin wannan hali matar yayana ta shigo wata rana da gora a leda, ta durƙusa ta ce babanta ya ce a gaishe da Hajiya, ya ji jikin ya motsa. Aka ajiye gorar a kan taga. Na so in ɗauka in zubar, amma na san in na zubar wata za ta zo ranar kasuwa, kuma ni hutuna ya kusa ƙarewa. Na riga na gaya wa Inna komai, ba lamba ba, ba layi ba, magana biyu kawai. In ta sha, gwiwa za ta saki, ido zai tafi. In ta bari, ido zai tsaya inda yake, gwiwa kuma sai dai a lallaɓa. Ta tambaye ni ko babu ta uku, na ce babu. Gorar ta kwana biyu a kan taga, ba ta sha ba, ba ta kuma ce a ɗauke ba.

Ranar da zan koma, da la'asar, ina haɗa kaya na ji ta yi kabbara. Na leƙo. Ta yi ruku'u da ƙyar, ta nufi ƙasa, ta maƙale a tsakani, hannu ɗaya a kan buzu ɗaya a jikin bango, ba gaba ba baya. Na zo na tallafe ta na zaunar. Tana haki, ta daɗe tana kallon taga. Sannan ta sa tafin hannu ta rufe idonta na dama, ta juyo da na hagun wajena.

Ta ce, "Da wannan, in ba don muryarki ba, ban san ke ce ba."



Ta sauke hannun ta ce, "Ɗauki gorar can ki juye a makwarara. Ki wanke ta tas a mayar masa, a sa goro a ledar, kada a ce mun raina kyauta."

Haushi ya kama ni, har da tukuici. Amma na yi yadda ta ce. Ina cikin ɗauraye gorar ta sake kirana.

"In kin gama, ki sauke kwanon wankin nan ki kawo min kujerar."

Rana ta ci kujerar har ta koɗe. Na goge ta na ajiye a kan buzun, ta sa na ja ta baya kaɗan don ƙafafunta su taka gashin. Ta zauna, ta sake kabbara daga farko. In ta zo sujada sai ta sunkuyar da kai iya inda wuya ya kai, goshin a sama, babu abin da ya taɓa. Da ta yi sallama ta ɗauka na koma ɗaki. Ta dafa hannun kujerar, ta miƙa ɗaya hannun ƙasa a hankali har yatsunta suka shafi buzun, wurin da gashinsa ya suɗe, sannan ta ɗago ta shafa a goshinta. Na koma na ci gaba da ninke kayana.